Madubin likita da hoton salula: a gane cuta kafin a sayi magani

Wannan jawabi ne da wani ma'aikacin kiwo na Tanut ya yi ma makiyaya da manoma masu kiwo. Mun rubuta shi kamar yadda ya faɗa, don waɗanda ba su samu zuwa ba.

Iyayena dattawa, shugabannin rugage, ƴan'uwana makiyaya, da ku mata masu kiwon awaki da tumaki, sannunku da zuwa. Na san wasu daga Belbeji da Tarka suka taso, wasu daga Tenhiya, wasu daga Gangara da Bakin Birji, kowa ya bar bisashensa ya zo. Allah ya saka da alheri. Ba zan tsare ku har rana ta take ba.

Kun ga wannan akwati da na aje a kan tebur. Abin da ke ciki shi ne mikroskop, wanda mu da ku muka saba kira madubin likita. A kansa nike so mu yi magana yau, da kuma salular da ke cikin aljihun da yawanku. Amma bari in fara da labarin raƙuma biyu.

Raƙuma biyu, rama ɗaya

Wata shekara bayan damina, wani dattijo ya zo mini da taguwa biyu. Duka biyun sun rame, tozo ya faɗa, fatar cikin ido ta yi fari, ba su da kuzari. Ya ce mini ciwo ɗaya ne ya kama su, kuma ya riga ya kashe kuɗi masu yawa a kasuwa kan ƙwayar tsutsa, ya ba su har sau biyu, shiru. Ni ma da na dube su da ido, ban ga bambanci ba. Sai na ɗebi jini a kunnen kowace, na ɗebi kashinsu, na duba a madubi. A jinin ta farko na ga ƙwayar sammoren raƙumi tana wutsil-wutsil tsakanin ƙwayoyin jini. Ta biyu jininta ba komi, amma kashinta cike da ƙwan tsutsa. Ke nan ta farko an yi ta ɗura mata maganin da bai shafi ciwonta ba, ta biyu kuma maganin da aka saya bai kashe tsutsar ba. Na ce ma dattijon ya sa ido da kansa. Ya jima yana kallo, sannan ya ɗago ya ce: "Ɗana, ashe abu mai rai ne." Na ce, baba, mai rai ne ƙwarai.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, kuma idon makiyayi ya fi nawa sanin garkensa. Sai dai akwai iyakar da ido ke tsayawa. Abin da ƙanƙantarsa ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, ido bai ganinsa. Daga nan madubi ke karɓar aiki.

Yadda madubin ke aiki

Kun san gilashin da yara ke tara hasken rana da shi su ƙona takarda. Irinsa ne a ciki, sai dai an jera su da lissafi. Akwai na sama inda ake sa ido, yana ƙara girma sau 10. Akwai huɗu a ƙasa a kan wannan abu mai juyawa: sau 4, sau 10, sau 40 da sau 100. Ana riɓa na sama da na ƙasa, sai a samu sau 40, sau 100, sau 400, ko sau 1000. Na sau 100 ɗin bai aiki sai an ɗiga wani mai na musamman tsakaninsa da ƴar gilashin da abin ke kai. Ba man gyaɗa ba, ba man mota ba. Nasa daban ne.

Haske daga ƙasa yake shigowa ya ratsa abin da ake dubawa. Don haka ne muke shimfiɗa jini siriri sosai. In ya yi kauri, duhu kawai za a gani. Tsofaffin na'urori suna da ɗan madubi a gindi mai karkato hasken sarari, na yanzu kuma suna da ƴar fitila da batir ko faifan hasken rana ke kunnawa, har a bakin rijiya ana iya aiki.

Ma'aunin da muke awo da shi sunansa mikron. A raba milimita ɗaya kashi 1000, kashi ɗaya shi ne mikron. Kaurin silin gashin mutum ya kai wajen mikron 70. Ƙwan tsutsar ciki tsawonsa wajen 80 ne. Ƙwayar sammoren raƙumi wajen 25. Ƙwayar jan jini ba ta kai 10 ba.

Abin ba sabo ba ne. Wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, shi ya fara ganin ƙananan halittu a ruwan tabki a 1674, da gilashin da ya gyara da hannunsa. A 1880 kuma wani likitan dabbobi mai suna Griffith Evans ya ga wannan ƙwaya ta sammore a jinin raƙuma da dawaki a Dera Ismail Khan, wanda yau ke cikin Pakistan. Shi ya sa a littafi ake kiranta Trypanosoma evansi, ciwon kuma ana ce masa sura. Kun ga ashe raƙumi na cikin waɗanda suka koya ma likitoci karatu.

Mi ake gani a jini

Wasu na tambayata: a Damargu ba mu da ƙudan tsando, ta ina sammore zai zo? Na raƙumi bai bukatar tsando. Bobuwa da sauran ƙudaje masu cizo ne ke ɗauko shi a baki daga marar lafiya zuwa mai lafiya, musamman a bakin tabkuna ƙarshen damina, inda garke da yawa ke haɗuwa. Zazzaɓi ya zo ya tafi, dabba ta rame, mai ciki ta yi ɓari.

Hanya uku muke dubawa. Ta farko, ɗigon jini ɗanye, a rufe da ƴar gilashi, a duba a sau 400; in ƙwayar na nan za a ga tana motsi. Ta biyu, a shimfiɗa jinin ya bushe, a rina shi da rinin Giemsa, wanda aka san shi tun 1904, a duba a sau 1000. Nan ake ganin siffarta sosai, kuma nan ake ganin ƙwayoyin da kaska ke sa ma shanu da tumaki, waɗanda ke ɓuya cikin jan jini su fasa shi, har fitsari ya yi ja. Ta uku, a zuba jini cikin siririn bututun gilashi, a juya shi a na'ura mai gudu minti 5. Jan jini ya kwanta ƙasa, ruwa ya hau sama, ƙwayoyin sammore su taru a tsakani. Wannan bututu yana nuna mana kuma yawan jinin da ya rage. Dabba mai lafiya, jan ya kan kusa kashi ɗaya cikin uku na bututun. In ya sauka zuwa ɗaya cikin biyar, jini ya ƙare, ko da dabbar na tsaye tana kiwo.

Ku riƙe wannan da kyau. Garin nan rawaya na cikin ƴar leda, diminazen, wanda ake yi ma shanu don sammore, yana da haɗari ga raƙumi. Yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa da ƙoda har ya kashe shi. Raƙumi yana da nasa magani da nasa awo bisa nauyinsa. Kada a yi masa allurar saniya don an ga ya rame.

Mi ake gani a kashi

Tsutsar da ta fi cutar tumaki da awaki da damina siririya ce ja, tana zaune a tumbi na huɗu tana shan jini. Raƙumi ma yana da irin tasa. Macen tsutsar tumaki na zuba ƙwai 5000 zuwa 10000 a rana. Tsutsa 1000 na iya shan wajen mililita 50 na jini kullum, kusan cikin ƙaramin kofin shayi. Ku ƙiyasta tunkiyar da ake ɗiban kofin jini a jikinta kowace safiya, wata nawa za ta yi?

Duba ƙwan ba shi da wuya. Ana narka gishiri a ruwa har ya ƙi narkewa, wajen giram 360 a lita ɗaya. A dama kashin a ciki, a tace, sai ƙwan ya taso sama don ruwan gishiri ya fi shi nauyi. A duba a sau 100. Akwai wata ƴar gilashi mai layuka da ake kira McMaster, an fito da ita a Ostireliya a 1939, da ita muke ƙidaya ƙwai nawa ne a giram ɗaya na kashi. Ƙwan tsutsar hanta kuwa babba ne, ya wuce mikron 150, yana da nauyi, bai tasowa a ruwan gishiri, sai a bar shi ya kwanta a ƙasan kofi. Ana samun ta wajen shanun da suka yi rani a fadamu da bakin ruwan kudu, don haka ku faɗa mana inda garke ya yi cin rani.

Amfanin ƙidaya biyu ne. Na ɗaya, a san ko garke na bukatar magani ko a'a. Ba kowace rama ce tsutsa ba, wata yunwa ce. Na biyu, a gwada maganin kansa. A ƙidaya yau, a ba da magani, a sake ƙidaya bayan kwana 14. In ƙwan bai ragu sosai ba, to ko maganin jabu ne, ko ya lalace a rana, ko awon bai isa ba, ko tsutsar ta saba da shi. Madubi bai jin kunyar mai sayarwa.

Mi ake gani a fata

Ƙazuwar raƙumi kowa ya santa. Wani ɗan ƙwaro ne da bai kai rabin milimita ba, yana haƙa rami cikin fata. Muna kankare gefen wurin da wuƙa mai tsabta har jini ya ɗan tsattsafo, don a zurfi yake, mu duba a sau 40 ko 100. Akwai kuma makero, wanda ke cire gashi zagaye-zagaye, shi naman gwari ne, allurar ibamektin ba ta yi masa komi. In ƙazuwa ce, allura ɗaya ba ta isa, sai an maimaita bayan kamar mako biyu, a kuma tsabtace sirdi da igiya da wurin kwanciya.

Dabbar da ta faɗi farat ɗaya

In dabba ta kwana lafiya ta wayi gari matacciya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura bai daskarewa, ku ji tsoron ciwon saifa. Kada a feɗe, kada a ci, kada a sayar da fata, kada a bar karnuka su ja. Ƙwayarsa in ta sha iska tana yin ɓawo ta zauna cikin ƙasa shekaru masu yawa, kuma tana kama mutum. Robert Koch na Jamus ya tabbatar da ita a 1876. Mu ɗigon jini kaɗan daga kunne ya ishe mu, da safar hannu. Ku kira mu, ku tsare wurin, wannan aiki namu ne.

Abin da madubi bai gani

Zan faɗa muku gaskiya don kada ku ɗora masa abin da bai iyawa. Madubin haske, komi kyansa, bai rarrabe abin da ya gaza kashi ɗaya cikin biyar na mikron. Ƙwayar annobar awaki da tumaki da ta ciwon baki da ƙafa ba a gane su da shi. Ta ciwon huhun shanu ma haka. Waɗannan sai a aika samfuri LABOCEL, babban ɗakin binciken kiwo na Yamai, wanda ke da rassa a Damagaram da Tawa. Kariyarsu kuwa ita ce allurar rigakafi. In ma'aikata sun zo, ku fito da garke duka, kada a ɓoye rabi.

Haka kuma sammoren da ya daɗe a jiki, ƙwayar na yin ƙaranci a jini, yau a gani gobe a rasa. In na duba ban gani ba, ba na cewa babu, sai in ce a sake dubawa ranar da jiki ya yi zafi, ko a yi gwajin ruwan jini a labo.

Naku aikin

To, ga inda maganar ta dawo kanku. Madubi abin da aka aza masa kawai yake gani. Samfuri marar kyau, amsa marar kyau. Abu biyar nike roƙo.

Na ɗaya, a kira mu kafin a yi allura. In an riga an yi, ƙwayar na ɓacewa daga jini na ɗan lokaci. In kuma an yi, ku faɗi gaskiya, ku zo da kwalbar ko ledar. Ba za mu yi muku faɗa ba.

Na biyu, jini ɗanye bai son jira. Ƙwayar sammore na mutuwa cikin ƴan awoyi, da zafi ma ta fi saurin mutuwa. Gara a ɗiba da safe a duba nan take. In wurin da nisa, mataimakin likita na karkara ya shimfiɗa shi a gilashi, ya bushe a inuwa, a naɗe a takarda. A tsare shi daga ƙuda, don ƙuda na lashe jinin tas.

Na uku, kashi ya zama sabo, wanda ya fito yanzu, ba wanda ya kwana a ƙasa ba. Ɗan dunƙule ya isa. A sa a leda, a matse iska, a ɗaure, a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ya iso a ranar. In ya kwana a zafi ƙwan na ƙyanƙyashewa, ƙidaya ta ɓaci.

Na huɗu, kowace dabba da ledarta da alamarta. Ƙulli ɗaya ta fari, ƙulli biyu ta ja, yadda ba za a rikita ba. Na garken tumaki kuwa, a ɗebo na kamar goma, har da masu ƙiba.

Na biyar, ku ba mu labari: yaushe ya fara, nawa suka kamu, wane tabki suka sha, wace kasuwa aka sayo baƙuwar dabba.

Hoton salula

A 1877 Koch ya buga hotunan ƙwayoyin cuta na farko, da kaya masu nauyi da wahala. Yau ni da salulata nike aza idonta a kan gilashin sama, in ɗauki hoto ko ɗan bidiyo, in aika ma likita a Damagaram ya duba tare da ni. Ku ma kuna iya taimakonmu daga daji, in kun samu rezo. Amma yawancin hotunan da ke iso mini, sai in rasa saniya ce ko buhu. Ga yadda za a gyara.

A fara goge idon salula da tsumma mai laushi, don ƙura da maiƙon hannu ne ke sa hazo. A tsaya rana na bayan mai ɗauka, ko a inuwa mai haske. Kada a ɗauka da dare da tocila. A ɗauki uku: dabbar gaba ɗaya daga gefe, sannan sashen da ke ciwo, sannan kusa-kusa. Kada a ja hoto da yatsu don ya girma, yana dusashewa. A matsa da ƙafa. Amma kada a matsa fiye da faɗin tafin hannu, don yawancin saloli ba su gani sarai in an wuce nan. A taɓa wurin ciwon a fuskar salula, a jira ya fito sarai, a riƙe numfashi, a ɗauka. A aje kwalin ashana ko ƙarfen dala ashirin kusa da gyambon, don mu san girmansa. Wani ya riƙe dabbar. In ido ne, a ja fatar ƙasa a ga launinta. In baki ne, a ɗaga leɓe. In tafiya ce ko numfashi, ɗan gajeren bidiyo ya fi hoto. Kwalbar magani ma a ɗauke ta, suna da ranar lalacewa su fito. A WhatsApp, in an aika hoton a matsayin takarda, ba a rage masa kyau.

Akwai ƴan gilasai da ake maƙala ma salula. Suna da amfani wajen kaska, ƙwarƙwata da ɓawon fata, amma ba su nuna ƙwayar da ke cikin jini. Hoto na gaya mana mu zo da gaggawa ko mu zo gobe, da kayan da za mu ɗauko. Bai maye gurbin ɗigon jini.

Kula da kayan

Abokan gaban madubi a ƙasarmu su ne ƙura, zafi da girgizar hanya. Rairayi ɗaya in aka goge shi da bakin rawani, ya zana gilashin har abada. Shi ya sa kuke ganin muna hura iska tukuna, sannan mu goge da takardarsa, mu rufe shi da leda da hunturu, mu kewaye shi da tsumma a akwati in za mu hau babur. In na hana yaro taɓawa, ba rowa ba ce. Kayan na jama'a ne, in gilashi ɗaya ya lalace sai an nemo daga nesa, kafin ya iso an yi asarar bisashe.

Iyayena, kun ga 1984, mun ga 2005 da 2010 tare. Kun san wahalar da ake sha kafin a sake tada garke. Abin da fari ya bari, bai kamata maganin kuskure ya ƙarasa shi ba. Kafin ku kwance bakin aljihu a kasuwa, ku kawo ɗigon jini da dunƙulen kashi.

Yanzu na aza kashin wata tunkiya da aka kawo da safen nan. Ku taso ɗaya bayan ɗaya, dattawa da mata a gaba. A sa ido kawai, kada a taɓa ƙarfen. Gani ya kori ji. Mai tambaya kuma ina nan har la'asar. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana bisashe.